Lauje a Jinin Gidanmu

Ran nan a motar Minjibir wata mata da ke kusa da ni ta buɗe kwalbar man zafi tana shafa wa gwiwarta. Warin na dukan hancina na daina jin surutun fasinjoji. Sai ga ni a tsakar gidanmu da hantsin damina, ruwa ya ɗauke, ƙasa na tashin ƙamshi, Inna ta durƙusa gaban tabarma da kwanon ruwan ɗumi da tsumma tana gasa wa ƙanena ƙafafu, shi kuma yana cizon gefen zaninta don kada maƙwabta su ji kukansa.

Ƙauyenmu irin waɗannan ne na arewacin Kano da ba ka sanin inda gari ya ƙare wani ya fara. Gona na manne da gona. In gero ya tashi sai ya rufe hanya, kana jin muryar mutum ba ka ganinsa. Yara ba su da lokacin da ya fi damina: wankan ruwan sama, kamun shinge, jiran tumu. Mu kuwa a gidanmu da hadari ya haɗo sai gaban kowa ya faɗi, domin sanyin ruwa shi ke tayar wa ƙanena ciwo. Ga kududdufi a bayan danga, sauro na tashi daga cikinsa kamar hayaƙi tun kafin magariba.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma shiga maganata a gaban mutane. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa ya san ta. Bayana ta haifi biyu, duka suka koma kafin yaye. Hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, kuka ya ƙi ƙarewa, sai a wayi gari babu. Mata suka fara ce mata mai wabi. Da aka haifi ƙanena, Gwaggo, yayar Baba, wadda danga ce kawai ta raba gidanmu da nata, ta zo da dabarar mutanen da: a kai jaririn kan juji a ajiye na ɗan lokaci, a huda masa kunne, a laƙaba masa mummunan suna don mutuwa ta raina shi ta wuce. Inna na cikin jego, ko tsayuwa ba ta iyawa sosai, ta rungume shi ta ce, "Ɗana ba shara ba ne, Yaya."

Daga ranar Gwaggo ta sa mata ido. Kada ka ɗauka muguwa ce. Ta goya yaron nan har bayanta ya gaji, ta bi malamai ta karɓo rubutu, ta kwana a gidanmu sau ba adadi. Amma tsoro ya nemi inda zai sauka a zuciyarta, ya sauka a kan Inna. A bakin rijiya, a gidan biki, a wurin daka, maganarta ɗaya ce: "Mu dai a zuriyarmu ba a san wannan ba." Na sha jin ta ta bayan zana tana ce wa Baba jinin matar nan ba shi da kyau, ya sallame ta tun da sauran ƙarfinsa. Baba mutum ne mai shiru. Ba ya amsawa, ba ya kuma musawa.

Shekarar da ciwon ya yi tsanani har ƙanena ya daina gane mutane, Baba ya ɗauke shi zuwa asibiti a Kano. Suka dawo da ƙwayoyi da sunan ciwon, wai sikila, wanda tsofaffi ke cewa amosanin jini. Iyakar abin da Baba ya faɗa ke nan. Samun sunan bai sauke wa Inna komai ba. Sai ma aka sami abin faɗa: ita ce ta kawo sikila gidan.

Ina sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo lokacin da aka kawo mana malamin kimiyya, wani siririn mutum da ke zuwa daga birni a kan babur. Wata rana da kaka ya zana da'ira a allo, ya zana lauje kusa da ita. Ya ce ƙwayar jinin mai lafiya ga ta nan zagayayya, ta mai sikila kuwa tana lanƙwashewa kamar laujen yankan ciyawa, ta maƙale a jijiya, shi ne zafin da yaro ke ji a ƙashi. Sannan ya tambaye mu: in ciwon nan na kashe yara tun zamanin kakanni, me ya hana shi ƙarewa?

Shi ya ba mu amsar da kansa. Ya ce wanda ya gaji abin daga ɗaya cikin iyayensa kaɗai lafiyarsa ƙalau, kuma zazzaɓin cizon sauro bai cika kashe shi yana ƙarami ba. A zamanin da babu asibiti babu allura, irin waɗannan yaran su suka fi tsallake damina. Suka girma, suka haihu, suka bar wa 'ya'yansu, 'ya'yan ma suka bar wa nasu, har gadon ya yaɗu a ƙasashen da sauro ya yi yawa. Wannan, in ji shi, misali ne na abin da ake kira sauyawar halitta: abin da ya taimaki mai rai ya tsira a inda yake zaune, shi ke yawaita a zuriya. Matsalar tana zuwa ne in yaro ya gada ta ɓangare biyu.

Na ɗaga hannu. "Malam, uwa kaɗai ba ta iya ba ɗa?"

Ya ce, "Ba ta iyawa. Sai uwa da uba sun haɗu."

Ban san yadda na iso gida ba. Na dai tuna ganyen dawa na yankar hannuna don ta cikin gonaki na yanke. Na tarar da mata sun baje gyaɗa a tsakar gida suna ɓara, Gwaggo a tsakiya, Inna a gefe. Ko jaka ban ajiye ba na ce ciwon ƙanena ba daga Inna kaɗai yake ba, Baba ma na ɗauke da shi, ƙila ita ma Gwaggon haka. Na ce ba mugun jini ba ne, jinin da ya tsirar da kakanninmu daga sauro ne, in ba don shi ba da wasunmu ba su zo duniya ba.

Hannuwa suka tsaya. Gwaggo ta tambayi sunan karatun, na faɗa. Ashe ta taɓa ji. Wani ɗan maƙwabta ya taɓa nuna mata hoto a littafi, biri na miƙewa a hankali har ya zama mutum. Ta tafa hannu ta yi salati. "An fara koya mata kafirci, ku kuna zaune!"

Ka san yadda magana ke tafiya a ƙauye, tana tafe tana ƙiba. Kafin kasuwa ta zagayo, an ce 'yar gidan wane ta ce biri ne kakanta, kuma sauro ne ya halicci jini. Yara na bina suna kirana jikar biri. Wasu iyaye suka tsayar da 'ya'yansu daga makarantar. Ni ma Baba ya ce in zauna tukuna. Na zauna ina kallon ƙawayena na wucewa da safe, amma duk wadda ta ce in janye maganata sai in ce mata ban faɗi ƙarya ba.

Gwaggo ta kai zancen gun liman, ya aiko a zo da ni. Bayan la'asar na durƙusa a zaurensa, Baba na gefe. Liman tsoho ne mai sanyin murya.

"Yarinya, wa ya halicci sauro?"

"Allah."

"Jinin fa?"

"Allah, Malam."

"Ke 'yar wa ce?"

"'Yar Adam."

Ya ja carbinsa. Ya ce zancen biri shi bai yarda da shi ba, in kuma kiyaye harshena a kansa. Zancen jini kuwa, ya ce Allah na gudanar da lamarinSa ta hanyar sababi, ruwa ke fid da tsiro ba don ruwa ne mahalicci ba, amma shi bai karanta ilimin jini ba, ba zai yanke hukunci a kan abin da bai sani ba. Ya dubi Baba ya ce, "'Yarka ce. Shawara na hannunka."

Gwaggo na jiranmu a gida. Ta ce tunda liman bai wanke karatun ba, a cire ni. Baba ya sunkuyar da kai, na kuma san me sunkuyawar ke nufi.

A nan ne Inna ta miƙe daga gindin murhu, muciya a hannunta. Ta kira sunana. Sunana na yanka, ƙarara, a gaban yayar mijinta. Tun da nake ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta ce in zo in tsaya kusa da ita. Sannan ta ce, "Na binne biyu, na yi shiru. An ce jinina ne, na yi shiru. Yau Allah Ya kawo wanda ya gaya wa 'yata gaskiya, shi ne za a rufe mata baki?" Ta juya ga Baba. "To, Malam, kai ka je asibiti. Me likita ya ce maka?"

Baba bai ɗago ba. Da ya yi magana, da ƙyar muka ji. Ya ce tun a waccan shekarar likita ya gaya masa daga su biyun ne. Ya ce nauyin Yaya ya ji, ya rasa ta inda zai fara.

Na zaci Inna za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta dube shi har sai da ya kawar da kai, ta ce, "To gobe za ta makaranta." Ta koma ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Gwaggo ta ja mayafi ta fita. Washegari Baba da kansa ya ɗauke ni a keke har ƙofar makaranta, ta tsakiyar gari, ba ta bayan gonaki ba.

Gwaggo ba ta taɓa ba Inna haƙuri ba har ta koma ga Mahaliccinta. Amma ba a sake jin waccan magana a bakin rijiya ba, kuma da auren 'ya'yanta ya tashi, ita ta matsa sai an yi gwajin jini.

Yau ni ke tsayawa gaban allo a wata makarantar 'yan mata ina zana da'ira da lauje. Ina salla, ina azumi, ina kuma koyar da sauyawar halitta kamar yadda hujja ta nuna, ba na tsallake shafin don tsoron wani. Akwai tambayoyi kan asalin ɗan Adam da har yanzu ban gama daidaita su a zuciyata ba, kuma ba na jin kunyar faɗa wa ɗalibaina haka. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce in zaɓa tsakanin imanina da ilimin da ya wanke uwata. Duk uban da ya zo min da wannan, ina ba shi kujera, in ba shi ruwa, in kuma gaya masa a'a.

Abubuwa sun sauya. Yanzu a garinmu ba a cika ɗaura aure ba sai an ga sakamakon gwaji, kuma na yi murna da haka, don na san abin da ake guje wa. Sai dai ilimin nan ma ya zo da nasa wulaƙancin. A da ana cewa wabi, yanzu ana nuna mai sikila da baki kamar ɓataccen iri. Ƙanena na nan da ransa, tela ne, yana ɗingishi saboda ciwon ya ci masa ƙashin ƙugu. Sai da aka kore shi daga gidaje da dama kafin ya sami matar da jininsu ya dace, iyayenta kuma suka dubi mutumin ba ciwon ba.

A bara, ranar sunan 'yarsa, wani ɗan uwanmu matashi da ke karatu a jami'a yana ta bayani da kyakkyawar niyya. Ya ce in aka dage da gwaji, nan gaba za a wayi gari an rabu da 'yan sikila kwata-kwata. Ƙanena na rabon goro. Ya tsaya a gabansa da farantin, yana murmushi.

"Da ciwon za a rabu, ko da mu?"

Yaron ya fara kame-kame. Ƙanena ya zaɓi goro mafi girma ya danƙa masa a hannu, ya ce, "Ci abinka. Ciwon dai ku kore shi, Allah Ya taimake ku. Ni kuwa ina nan, ga kuma 'yata." Ya ja ƙafarsa ya wuce wurin baƙi na gaba.