Hancin Jaki da Bututun Motar Lawali

A ƙauyenmu na gefen Dantchiao, idan an gama roron gyaɗa, kakarmu Iya Zuwaira takan tara ɓawon a tsakar gida ta sa masa wuta bayan magariba. Wutar ɓawon gyaɗa ba ta da harshe, ɗumi ne da hayaƙi, ido ya yi ta ruwa. Mu bakwai ne jikokinta, yau ni kaɗai na rage. Shekara talatin ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, na zauna bakin wuta a Sabha da Abijan da Jidda, na ji labari da Larabci da Faransanci da Barbarci, amma ban ga mai riƙe labari kamar ta ba. Tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya, ba ta kallon kowa, kamar da ƙwaryar take magana.

"Ku matso, na ɗauko ta," in ji ta, tatsuniya take nufi.

"Sauke mana ita, Iya."

"Kai mijina, rufe bakin nan. Miji ba ko dala a aljihu, sai cinye mini gyaɗa."

Da ni take. Sannan ta fara.

Wai jaki ne ya gaji da zama na baya. Kullum barewa ta wuce shi kamar yana tsaye. Sai ya je wurin raƙumi neman shawara, don raƙumi ya ga duniya, ya san Bilma, ya san Kano. Raƙumi ya dube shi daga can sama ya ce, "Ba ƙafa ce ta gaza maka ba, numfashi ne. A arewa na ga jakai an tsaga musu hanci, iska na shiga a wadace, suna gudu har faɗuwar rana."

Jaki ya je wurin wanzami. Wanzami ya ce ladansa damin gero biyu, amma zai bar masa 'yar fata da zai riƙa rufewa in iska ta taso. Dila kuwa ya ce shi zai tsaga masa, zangarniya ɗaya ta ishe shi. Jaki ya koma ya tambayi raƙumi. Raƙumi ya ce, "Tsaga ai tsaga ce. Je ka wurin dila."

Dila ya tsaga har kusa da ido. Ranar jaki ya yi gudun da bai taɓa yi ba, saura ƙiris ya kamo barewa. Sai hadari ya haɗu, iskar gaban ruwa ta taso da rairayi. Raƙumi ya durƙusa ya rufe hancinsa, yadda Allah ya hore masa. Jaki ba abin rufewa. Ya shaƙi rairayi har ya faɗi.

Muka kwashe da dariya, ƙanena Habu yana kwaikwayon atishawar jaki. Iya ba ta yi dariya ba. Ta tura ɓawo cikin wuta ta ce, "Ku yi ta yi. Da safe raƙumi ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya kama hanyar Kano." Mu dai abin da muka ɗauka shi ne jaki ya tsaya a matsayinsa.

Habu ya rasu ya bar ɗa guda, Lawali. Shekara tara yaron nan ya yi a Kotonu, yana aiki a filin da ake sauke tsofaffin motocin Turai. Bara ya dawo da wata jar mota mai kujera biyu, irin ta tsere, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Duk abin da ya tara yana cikinta. Wani ɗan attajiri a Damagaram ya ce zai saya in an ƙara mata ƙarfi da ruri. Da kuɗin Lawali zai buɗe shagon kayan babur a Magaria, ya zauna kusa da uwarsa, ya daina yawo.

Ya zo mini da salula a hannu. "Baffa, kai ka san inji. Me ka gani?"

Abin da yake so ya sa wa motar bututu ne da ke kawo wa inji iska mai sanyi, don iska in ta yi sanyi mai ya fi ci da kyau. Mai kayan mota a Kano ya turo masa hoto uku. Na farko gajere, yana zama sama kusa da inji, zafi yake shaƙa. Na biyu dogo, yana gangarawa har bayan hancin mota, filtarsa, wato bakin da ke tace iskar, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Na uku ma dogo ne, amma da wata 'yar ƙofa a tsakiya da ke hana ruwa hawa, kuɗinsa ya ninka na biyun.

"Na ukun nan fa, Baffa? Ko in daure in saye shi?"

Na yi dariya. Na ce masa a Abijan na ga samari suna sa na biyun, a Jidda ma haka, ban ga wanda ya yi kuka ba. Na ce ƙofar nan dabarar cin kuɗi ce kawai. Har da Faransanci na yi masa bayani, don ya san na sani.

"Shi ke nan, tunda ka faɗa," in ji shi.

Aka ɗaura na biyun. Motar ta yi ruri har mutanen unguwa suka fito kallo. A tsakiyar damina ya tashi kai ta Damagaram, ina gefensa. Tsakaninmu da Magaria akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya, wanda amalanke ke ratsawa ba a ko ɗaga kaya. Na san shi tun ina yawo ba takalmi. Muka shiga a hankali. Inji ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Bijimai biyu ne suka jawo mu. Da makanike ya buɗe, ya kira ni gefe ya nuna mini ƙarfen fistan, wanda ke kai-komo a cikin inji, a lanƙwashe. Filtar ta zuƙi ruwa, injin ya mutu.

Lawali ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya ce, "Ba komai, Baffa. Haka aka rubuta." Masu farfasa motoci suka saye ta. Bayan girbi ya koma Kotonu.

Sai yanzu, da furfura, na gane wanda Iya take kallo a labarin nan. Raƙumi bai yi ƙarya ba, abin da ya gani a arewa ya gani. Ni ma titunan da na gani kwalta ne busassu. Na kwatanta garuruwan mutane guda goma, na manta da kwarin da ke bakin ƙauyena. Kuma ba da hancina za a yi numfashin ba, shi ya sa bakina ya yi sauri.

Lawali yana kirana duk Juma'a. Yana tambayar ƙafata, yana tambayar gona. Na ji a bakin wasu cewa yana shirin wucewa Gabon, ni bai tambaye ni ba, ni kuwa na san Gabon. Uwarsa tana wucewa ta ƙofata da safe za ta rijiya, ita kaɗai. Takan sauke tulu ta durƙusa, ta ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.