Kiwon Turka a Tankin Tarwada

Har yanzu ba na iya sa hannu a ruwan tankin bayan gidanmu. Daga nesa nake tsayawa in watsa abinci, kifi su taso suna fantsama ruwa, in daure in sake watsa wani. Mma ta ce tsoro ne, zai wuce. Na yarda zai wuce, amma bai wuce ba tukuna.

Baba dillalin shanu ne tun kafin a haife ni. Kullum bayan sallar asuba yakan fita daga gidanmu na Ayigya Zango a Kumasi ya shiga trotro, motar haya, zuwa kasuwar shanu, da yamma ya dawo da warin garke a rigarsa. Ranar da wani bijimi ya matse shi da jikin mota ya lalata masa gwiwa, daga nan zuwa kasuwa ya ƙare. Ya koma kwanciya a tabarma, fuska a bango. Abinci sai Mma ta yi ta lallashi. Mutumin da muryarsa ke tashe duk layinmu ya zama sai ka sunkuya kafin ka ji abin da ya ce.

Yayana yana aiki a wata ƙasar Turai mai tsananin sanyi, inda suke kiwon wani kifi mai jan nama a cikin manyan raga a teku. Shi ya kawo shawarar a gina tankin siminti a bayan gida, a zuba 'ya'yan tarwada. Ya gaya mini a waya cewa shi ba riba yake nema ba, so yake a samo wa tsoho abin da zai tashe shi da safe.

Ya kuwa tashe shi. Baba ya ɗauki sanda ya dinga ɗingisawa zuwa bayan gida, yana yi wa kifi irin kiran da yake yi wa shanu. Ni lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, don haka ni ce 'yar aike tsakaninsa da Yaya. Abu biyu Yaya ya yi ta nanata mini. Na farko, tarwada a rafi ƙwari da ƙananan kifi take ci, saboda haka abincinta sai mai furotin da yawa, wato abin da ke gina tsoka. Na biyu, idan ruwa ya yi sanyi a rage mata abinci, domin cikin kifi yakan yi nauyi da sanyi. Ya ce ko a wurin aikinsu haka suke yi idan hunturu ya shigo.

Da na isar da saƙon, Baba ya kalle ni ya ce, “Shi da bai taɓa ɗaure ɗan maraƙi ba, yanzu shi zai koya mini kiwo ta cikin waya?”

Baba turka ya sani: a ɗaure bijimi wuri ɗaya, a cika masa gaba da dusa da kanwa da gishiri har ya yi ƙiba. Haka ya yi wa tarwada. Abincin buhu da muke sayowa ya ce ya yi tsada kuma ba ya da auki, sai ya dinga cuɗa shi da dusa, kullum dusar na ƙaruwa, har ya zama abincin buhun ɗan barbaɗe ne kawai. Ban da kanwa, wai don ta buɗe musu ciki.

Alamar farko da na gani, wata babbar tarwada na yawo da wutsiyar ƙanwarta a baki. Na nuna wa Baba, ya ce ai ko a garke akwai mai faɗa. Alama ta biyu daga wajen Maame ta zo, wata Ba'asantiya mai bandar kifi a Bantama wadda ta yi alkawarin saye in sun girma. Ta ɗauki 'yan kaɗan ta je ta gwada, ta dawo da ɗaya a cikin takarda, ya motse kamar tsohon takalmi. Ta ce kitsen duk ya tsiyaye a wuta, ya kusa ƙone mata rumfa.

“Alhaji, kifinka ciki ne paa, nama babu,” in ji ta da Hausarta ta kasuwa. “Kifi ka ba ni ko man shanu?”

Baba ya yi dariya har da buga sanda. Shi a wurinsa yabo ne, don ba a taɓa raina bijimi saboda kitse ba.

Sai damina ta yi nisa, aka shiga kwanakin nan da Kumasi ke wuni ba rana, yayyafi safe da yamma, ruwan alwala kamar daga firji. Baba ya ce sanyi ba ya son ciki wofi, duk makiyayi ya san haka, ya ninka abincin. Na ce masa, “Baba, ba sa ci. Dubi yadda yake nutsewa.” Ya ce suna ci a ƙasa, kunya suke ji. In na rage da safe, shi ya ƙara da rana. Ruwan ya yi duhu, ya fara wari, har Mma ta daina shanya a wajen.

Ranar da abin ya faru, gari ya waye, Mma ta riga ta fita bakin titi sayar da kokonta. Ina shara na ji Baba yana salati a bayan gida. Kafin in isa na ji ƙarar faɗuwa cikin ruwa. Abin da ya faru shi ne ya tarar da kifin sun taru a sama suna haki, wasu sun juya farin ciki, sai ya sunkuya zai kwashe matattun da kwando, gwiwar ta ci amanarsa, ya tafi da ka.

Ban san lokacin da na tsallaka cikin tankin ba. Ruwan ya kawo mini ƙirji, ƙasan tankin santsi ne na ruɓaɓɓiyar dusa, ƙafa ba ta kamawa. Na lalubo wuyan rigarsa na ɗago kansa, ya fi ƙarfina, muka sake nutsewa tare. Ruwan ya shiga bakina. Kifi na dukan jikina ko'ina, ƙayoyinsu na sukar cinyoyina. Na samu na jingina bayana da bango, na rungume shi ta ƙarƙashin hammata, na yi ta ihu. Idonsa a buɗe yake amma ba ya ganina. Abin da har yanzu ke dawo mini ke nan, wannan idon. Maƙwabta suka haura katanga suka fitar da mu.

A babban asibitin da ke kusa da Bantama aka wanke mini raunuka aka yi mini allura, shi kuma aka duba ƙirjinsa aka sallame mu. Kafin mu dawo maƙwabta sun zubar da ruwan sun sa tiyo sun cika sabo. Kifin da suka rayu ba su kai rabi ba.

Baba ya koma tabarma, fuska a bango. Da ya yi magana, cewa ya yi a raba sauran kifin sadaka, a cike tankin da yashi. Ya ce tsufa ya sa ya kusa kashe 'yarsa a kan abin da ko layya ba a yi da shi.

Na ƙi. Ban taɓa ƙin maganarsa ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba. Na san in aka cike tankin nan, ba zai ƙara tashi ba. Na je kasuwa na sayo ƙananan busassun kifi da waken soya da ƙuli-ƙuli, na kai inji, na haɗa yadda Yaya ya kwatanta, dusa 'yar kaɗan don ta riƙe. Amma da na zo bakin tankin ƙafafuna suka ƙi matsawa. Na watsa daga nesa, ban ga ko sun ci ba.

Na koma ɗaki na durƙusa kusa da shi. Na tambaye shi, a kasuwa yaya yake gane saniya ta ƙoshi. Ya ce wa bango, bakinta ake kallo, ba komin abinci ba. In ta fara wasa da abinci, a janye.

Na ce, “To Baba, ni ba na iya matsawa in kalli bakinsu. Wallahi ƙafata ba ta zuwa. In ba wanda zai duba mini, zan sake kashe su.”

Gaskiya na faɗa, ya kuma ji ta a muryata. Ya juyo ya dube ni, ya dubi bandejin ƙafata, ya ce in miƙo masa sanda.

Yanzu akwai katako da kafinta ya kafa a bakin tankin, da kujerar Baba a bayansa. Shi ke kallo, ni ke watsawa daga inda nake iya tsayawa. In gari ya yi sanyi, hannu kaɗan zan watsa ya ɗaga sanda ya ce ya isa, yau ba su da niyya. Kanwar ta koma kicin. Maame ta sake ɗaukar wasu, ta dawo ba takarda a hannu, ta ce wannan karon nama ya zauna. Baba ya ce mata ai shi ya san kiwo tun ba a haife ta ba, ta ce ta ji, Alhaji, ta ji.

Da Yaya ya bugo waya, Baba ya karɓa ya shaida masa cewa kifi ba ya son abinci da yawa lokacin sanyi, ya kamata ya gaya wa Turawan wurin aikinsu. Yaya ya ce zai gaya musu.

Jiya na matsa har na dafa katakon. Wata babba ta taso ta fantsama mini ruwa a hannu, na ja da baya da sauri. Baba bai kalle ni ba, ya ce kawai, “Ƙara musu hannu ɗaya, uwata. Wancan na gefe bai samu ba.”