Fastar da Na Je Kamawa a Bakin Ruwan Wara

Shekarun baya, lokacin ina tsakiyar sana'ar taliyar murji a Yelwa, na yi wata tafiya zuwa Wara wadda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Ƙawata ce ta gayyace ni. Tun ajin farko na sakandare muke tare. Iyayenta manoma ne a tudun ƙasar Ngaski, Kirista ce, ni kuwa ɗiyar masunta ce, Musulma, kuma wannan bai taɓa zama zance a tsakaninmu ba. Ita ke cinye mini naman layya, ni ke cinye mata shinkafar Kirsimeti. Da aka yi mini aiki wajen haihuwar ɗana na fari, ita ta baro makarantar da take koyarwa a Wara ta zo ta yi jinyata.

Wata Laraba ina shanya taliya a igiya sai ga wayarta. Na sa a sifika saboda hannuna duk fulawa ne.

"Ƙawa, Asabar ki taho Wara, kar ki ce mini a'a. Wata Baturiya 'yar Italiya ta zo hutu masaukin baƙi na bakin ruwa. Girki za a yi, fasta za ta koya muna. Gurbi biyu anka ba ni, ni da ke."

Kafin in ce wani abu layin ya katse. Inna, mahaifiyata, tana zaune a tabarma tana gyaran busasshen kifi. Ta ɗago kai.

"Mi tac ce? Fasta za ta koya muku?"

Na ce haka na ji.

"Fastar coci, kuma bakin ruwa? Ke ɗiyag ga, ba ki san can sukan tsoma mutane ba? Su sa miki farin tufa, su danna ki cikin ruwa, ki fito da wani suna. Girkin nan dabara ce."

Na yi dariya na ce, "Haba Inna, ƙawar tawa?" Ta ce ita dai ta faɗi nata, ta koma kan kifinta. Amma maganar ta riga ta shige ni. Ina murza taliya ina tono tsofaffin abubuwa. Kalandar da ƙawata ta ba ni mai rubutun cocinsu a ƙasa. Yadda takan ce, "Ina sa ki cikin addu'a." Abubuwan da a da suke mini daɗi duk sai suka canza kama. Abu mai sauƙi shi ne in kira ta in tambaya, amma na ce wa kaina in da gaske shiri ne, ai ba za ta faɗa mini ba. Sai na yanke shawarar zan je, ba don girki ba, don in gani da idona ko ƙawar da na yarda da ita duk shekarun nan jira take yi ta samu dama a kaina.

Ranar Asabar na hau motar Wara. Tana tasha tana jirana, ta rungume ni tana ta murna, ni kuwa abin da na fara lura da shi farin ɗankwali ne a kanta. Na ce a raina, an fara.

Masaukin ɗan ƙarami ne. Akwai rumfar ciyawa da dogayen tebura biyu, daga nan ƙasa ta gangara har ruwa, jiragen masunta suna wucewa can nesa. Mata ne kusan goma, har da uku masu hijabi. Maimakon ganinsu ya kwantar mini da hankali, sai na ji tausayinsu, na ce waɗannan ma an yaudaro su, su ba su da Inna mai faɗa musu gaskiya.

Baturiyar tsohuwa ce, gajera, kanta fari fat. Ta gaishe mu da wata tsohuwar Hausa mai karyewa. Ta ce mahaifinta yana cikin mutanen Italiya da suka yi aikin dam ɗin Kainji, a can ta yi ƙuruciya, yanzu ta dawo ta ga ruwan kafin ƙafa ta ƙi. Kowa ya ce Allah sarki. Ni wuyanta nake kallo ina neman sarƙar gicciye. Ban gani ba, sai na ce ta ɓoye ta cikin riga.

Daga nan komai ya riƙa zuwa daidai da lissafin Inna. Aka miƙo takarda kowa ta rubuta sunanta da lambar waya. Na rubuta rabin sunana, na juya lambobi biyu na ƙarshe. Aka raba mana rigunan girki, irin waɗanda ake ɗaurawa a gaba, kuma farare tas. Na tuna farin tufan da Inna ta faɗa. Na ɗaura tawa a kan hijabi, na yi ƙullin da zan iya zarewa da hannu ɗaya. Sai Baturiya ta ajiye kwalbar man zaitun a tebur, na tuna ai da shi fastoci ke shafa wa mutane a goshi. Ban tuna cewa ni ma ina da kwalba guda a kan durowa ba, wadda nake shafa wa yara in sun firgita. Na zaɓi ƙarshen tebur mafi nisa da ruwa na tsaya. Ni da na iya iyo tun kafin in iya ɗaura zane, ranar tsoron tafki nake ji.

Abin da ya gama tabbatar mini shi ne, kafin a fara, na ga ƙawata ta ja Baturiya gefe suna ƙus-ƙus. Ƙawata ta nuna wata doguwar kwalba mai duhu, ta waiwayo ta dube ni, sannan ta ɗauki kwalbar ta kai cikin ɗaki. Da ta dawo na ce, "Mene ne wancan?" Ta ce, "Ba komai, ƙawa." Wannan "ba komai" ta zauna mini a ƙirji.

Aka fara. Baturiya ta sa kowa ta tara fulawa a kan tebur, ta yi rami a tsakiya, ta fasa ƙwai a ciki, ta sa ɗan gishiri. Ina jiran a kawo ruwa, ba a kawo ba. Ƙwan kaɗai ne ruwan kwaɓin. A nan, duk da tsaron da nake yi, 'yar sana'ar da ke cikina ta leƙo. Shekara da shekaru taliyata tana kakkarye mini in ta bushe, ban taɓa tunanin ƙwai ba. Hannuna ya shiga aiki da kansa, ina dannawa ina naɗewa, kafin sauran su gama haɗa nasu, nawa ya yi sumul. Baturiya ta zo ta danna shi da yatsa, ya taso.

"Wannan hannu ya san aiki," in ji ta.

Ƙawata ta ce, "Ai na faɗa miki, Mama. Duk Yelwa babu kamarta."

To ashe har zancena sun yi. Na murmusa, a raina na ce da yabo ake farawa.

Aka rufe kwaɓin ya huta, muka koma kan miya. Tumatur ne da tafarnuwa da ganyen daidoya, da kifin giwan ruwa da aka sayo da safen nan. Babu tattasai, babu daddawa, babu magi, amma ƙamshin ya sa cikina ƙugi. Na zuba wa tukunyar ido, ba abin da ya shiga cikinta ban gani ba, sai dai na ce wa kaina ai an yi ƙus-ƙus ɗin tun kafin a ɗora ta. Da Baturiya ta zagayo da cokali kowa ta ɗanɗana, ta iso kaina, sai na ji bakina ya ce, "Ina azumi."

"Ayya, sannu," in ji ta, ta wuce. Ƙawata ta dube ni na ɗan lokaci.

Sai aka ɗauko inji aka ɗaure a bakin tebur. Na dube shi, na sake dubawa. Injin taliya ne, irin nawa sak, har hannun juyawar. Baturiya ta zaɓi kwaɓina, ta murza shi ya yi faɗi, ta mayar da shi ta ɓangaren yanka, igiyoyi suka zubo rawaya-rawaya. Ta ɗaga su sama a bayan hannunta, tana dariya, ta ce, "To, ga shi! Wannan shi ne fasta."

Na ce, "Wanne?"

"Wannan. A garinmu sunansa fasta."

"Taliyar ce fasta? Ba ke ce fastar ba?"

Sai dariya ta ɓarke a wurin. Wata daga cikin masu hijabi har da zama a ƙasa. Baturiya da aka yi mata bayani ta riƙe ciki, ta ce ita rabonta da coci tun bikin ɗiyarta. Ni ma na hau dariya, wani sanyi ya sauko mini, kuma wannan sanyin ne ya kwance mini baki. Da a nan na tsaya, da an ce kuskuren ji ne kawai. Amma ganin ana jin daɗin labarina, sai na zazzage shi duka. Na ce na ɗauka tsoma mu za a yi a ruwa. Na faɗi zancen farar riga, da man zaitun, da lambar wayar da na juya. Na ce har kwalbar da aka ɓoye na gani.

Baturiya tana share hawaye ta ce, "Kwalba? Giya ce, muna sa kaɗan a miyar kifi. Ƙawarki ta hana. Ta ce in na sa, ita da ke za ku tafi. Tukwane ma jiya ta sa an wanke mini su sau biyu."

Sai a lokacin na juya na dubi ƙawata. Ita kaɗai ce ba ta dariya. Tana tsaye, hannunta duk fulawa, tana kallona kamar wata baƙuwa ce ta shigo rumfar.

A hankali ta ce, "Shi ya sa azumi ranar Asabar? Ke da Litinin da Alhamis kika yi tun muna makaranta?"

Matar da nake zargi ta fi ni sanin ranakun azumina.

Aka dafa taliyar, aka zauna ci. Ni ba damar in ci, na riga na ce ina azumi, ba damar in ce ƙarya na yi a gaban mutane. Na zauna ina kallon ruwa, yunwa na cina, kowa na yaba taliyar da hannuna ya kwaɓa. Da za mu tafi, ƙawata ta zuba rabona a kula, ta miƙo mini, ta ce, "Ki yi buɗa baki da shi." Ta raka ni tasha, ta tsaya har mota ta tashi, amma ba ta ɗaga mini hannu ba. A hanya ne ɗaya daga cikin matan, wadda muka shiga mota tare, ta ce mini ƙanwar ƙawata ta so gurbin nan ƙwarai, ƙawata ta hana ta, ta ce ni ce mai sana'ar.

Da na ba Inna labari sai ta ce, "To su ma, mi ya sa za su sa wa taliya sunan malaminsu?" Ta ci rabin abin da ke cikin kular, ta ce babu yaji. Ban ɗora mata laifi ba. Ita ba ta yi makaranta da ƙawata ba, ba ita aka yi wa jinya ba. Ni ce na san ta.

Na yi ta kiran ƙawata, takan ɗauka, mu gaisa, ta ce tana aji. Haka har kusan wata biyu. Sai wata rana na shirya na tafi Wara ba tare da na faɗa mata ba, kuma da gangan ban riƙe ko ruwan leda ba. Na same ta a tsakar gida tana tuƙa tuwon dawa. Na yi sallama, na zauna a kujerar tsugunno, na ce, "Ƙawa, yunwa nake ji."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Yau wace rana?"

"Asabar."

"Ba ki azumi?"

Na ce, "Ba ni yi." Sai hawaye.

Ta kwashe tuwon, ta zuba miyar kuka, ta ajiye kwano ɗaya a tsakaninmu kamar yadda muka saba. Sai da muka ci rabi ta ce, "Da kin kira ni kin tambaya, da na yi dariya har in faɗi. Kunne kowa nashi na kuskure. Abin da ya ci mini rai, kin zo kin tsaya kusa da ni wuni guda kina gadina."

Mun shirya tun ranar. Taliya mai ƙwai kuwa ita ta ɗaga mini sana'a, har masu biki suna aiko mini daga Shanga, kuma in ƙawata ta kira takan ce, "Ina gaida fasta." Muna dariya. Na koyi cewa zargi ba ya buƙatar hujja, shi yake ƙera tasa, ko da farin ɗankwali ne.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya canza, ban ma san ko ita ta lura ba. Yanzu in za ta gayyace ni wani wuri, sai ta yi mini bayani dalla-dalla: ga inda za a yi, ga waɗanda za su zo, ga abin da za a ci, ga wanda ya yanka kazar. Nakan ce, "Ƙawa, bari mana, ai na yarda." Takan ce, "Na sani," ta ci gaba da lissafinta har ƙarshe. A da, "ki taho" kawai take cewa, in taho.