Maɓallin da Ya Karye a Tasha

Ranar da yayana ya dawo Garwa daga Tibati, inda ya daɗe yana fataucin busasshen kifi, na sa farin kaftanina da maɓallan hannu na azurfa da Baba ya bar mini, na tafi tarbarsa. Yana saukowa daga mota na rungume shi. Da muka zo rabuwa sai hannuna ya ƙi fitowa, maɓallin ya sarƙe a aikin wuyan rigarsa. Ya ja, na ja, sai ƙas! Ƙafar maɓallin ta karye, kan ya gangara ƙarƙashin buhun kifi.

Muka durƙusa muna lalube, manya da mu, 'yan dako suna ta dariya. Yaya ne ya tsinto shi. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Na Baba ne ko? Ai kuwa gobe sai ya koma yadda yake."

Washegari da hantsi muka nufi babbar kasuwa, wurin maƙeran fari. Tafiyar ba nisa, amma sai da rana ta take muka isa. Mahauta suka tare mu, masu atamfa suka tare mu, wata tsohuwa mai nono ta riƙe Yaya tana gaishe shi da Fulatanci, "Jam na?" ba ƙarewa, har sai da ya lissafa mata 'ya'yansa kaf.

Maƙerin da muka samu abokin wasanmu ne tun makarantar allo. Yana ɗaga kai ya ga Yaya, sai ya ajiye awartaki ya miƙe da ihu. Da hayaniya ta lafa na miƙa masa maɓallin. Ya duba ya ce, "Wannan aiki ne babba. Sai la'asar."

Na ce, "Haba malam, ɗan liƙi ne fa."

Ya ce, "To, kai ne maƙerin? Ku zauna."

Ya aika aka kawo tsire mai zafi da shayi, ya shimfiɗa mana tabarma a bayan rumfa. Musu ya kaure a kan kifin Binuwai da na Tibati, wanne ya fi daɗi, maƙwabtan rumfa suka shigo ciki, kowa da nasa, ana Hausa ana Fulatanci ana ɗan tsoma Faransanci. Rabon da in ji Yaya yana irin wannan dariya har na manta.

Sai bayan mun yi sallar la'asar ya hura wuta. Ya kama ƙafar da ɗan hantsaki, ya ɗiga sinadari, ya tsoma a ruwa, ya goge da tsumma. Ban gama kurɓar shayina ba ya miƙo mini yana walƙiya.

Na ce, "Wannan ne aikin babban?"

Ya ce, "Da na yi muku tun da rana, ai da kun tafi."

Daga nan ya rufe rumfa, ya ce an ga dorina kwanan nan kusa da gadar Binuwai. Muka tare babura muka tafi. Muna isa kuwa muka same su a tsakiyar ruwa, uwa da ɗanta, kunnuwa kawai a waje. Yaya ya kira matarsa a waya ya ce ta taho da yara maza-maza kafin dorinar ta nutse da ɗanta.