Lofen Baba Haruna

Har gobe ban manta da ranar Alhamis ɗin da na buɗe jakar aikina a ofis, ƙanshin taba ya buge ni ba. Shekarata ta biyu ke nan a Jidda, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen da ke kai wa marasa lafiya na'urar oksijin har gida. Ku da kuka zo bana kuna yi mini dariya idan kun ga ina shinshina matatar na'ura kamar mai cinikin turare. To yau zan gaya muku inda na samo wannan halin.

Ga wanda bai san aikin ba, likita ne ke rubuta wa mai ciwon huhu oksijin, mu kuma mu kai na'urar, mu haɗa, mu koya wa mutanen gida. Na'urar tana jan iskar ɗaki ta cikin wata matata ta soso, ta tace, ta turo oksijin ta siririyar roba zuwa hancin mara lafiya. Duk abin da oksijin ya ratsa, bargo ne, riga ce, gashi ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya kama ci bal-bal. Shi ya sa ba ma barin na'ura a gida sai mun cike takardar duba gida, ma'aikaci ya sa hannu. Tambaya ta farko a takardar ita ce ko akwai mai shan taba, kuma ƙa'ida ta ce mara lafiyar da kansa za a tambaya.

Mako shida kafin wannan Alhamis aka tura ni wani gida a unguwar Madain Fahd, a hawa na biyu. Mara lafiyar dattijo ne, Baba Haruna, haifaffen Jidda. Kakansa ne ya tako daga ƙasar Katsina don aikin Hajji, bai koma ba. Shi kuma a tashar jiragen ruwa ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Na same shi a jingine da matashi, farin gemu har ƙirji, carbi a hannu, yana jan numfashi da ƙyar. Da ya ji na yi sallama da Hausa sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Kai ɗan ina ne, ya waladi, ɗana?"

Na ce, "Funtuwa, Baba. Sunana Sanusi."

Ya ce, "Ma sha Allah, ashe ɗan gida aka aiko mini. Tafaddal, zauna."

Aka miƙo gahawa da dabino ta bayan labule. Hannun matarsa Hajiya kawai na gani, domin a gidan mata ba sa fitowa gaban baƙo namiji. Muka yi ta hira, yana tambayata ko har yanzu ana noman auduga a wajenmu. Da na zo kan tambayar farko ta takardar sai bakina ya yi nauyi. Mutum sa'an kakana, da carbi a hannu, na sha gahawarsa, in dube shi in ce Baba kana shan taba? Kunya ta hana ni. Sai na ja babban ɗansa Faisal zuwa bakin ƙofa, na tambaye shi da murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "La, la, a'a. Halas, shi ke nan, ya bari tun da aka kwantar da shi a asibiti."

Gidan kuwa ba ka jin komai sai turaren wuta. Na ce a nisanta kaskon turaren daga ɗakin Baba, ya ce to. Na jero masa sauran ƙa'idoji, yana gyaɗa kai, na sa hannu. Zan fita Baba ya ce, "Gidanka ne, ka zo duk lokacin da ka so. Amma ban da bayan la'asar, lokacin hutuna ne." Na yi dariya na ce na ji.

Ranar Alhamis ɗin da safe na koma canza matatar na'urar da robar hanci. Gida biyar ke jirana, don haka a gurguje na yi, na jefa tsofaffin a leda na wuce. Sai dab da la'asar, a ofis, na buɗe ledar. Matatar da ya kamata ta yi toka-toka da ƙura ta zama ruwan ƙasa, tana danƙo a yatsa. Ƙanshin kuma na san shi. A manyan gidajen unguwar Abhur na sha jin irinsa, inda masu hali ke zama da sigar, tabar nan mai kaurin babban yatsa. Na ɗauko tsohuwar robar na bi ta da hannu. Kamar taƙi ɗaya daga hanci, na taɓo wani wuri da ya ƙanƙance ya yi baƙi, bai fi ƙwayar wake ba. 

Na shiga wurin shugaban sashenmu, Ustaz Adil, ɗan Sudan ne, mutum marar yawan magana. Na ajiye matatar da robar a kan teburinsa. Ya shinshina, ya juya robar, sannan ya ɗago.

Ya ce, "Sa hannun wa ke kan takardar?"

Na ce nawa ne.

Ya ce, "Mara lafiyar ka tambaya?"

Na ce ɗansa na tambaya. Bai yi mini faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ka tafi yanzu. Ba za mu bar wuta da oksijin a ɗaki ɗaya ba. Ba kuma za mu ɗauke na'ura mu bar mutum babu numfashi ba. Idan ya ƙi bari, zan kira likitansa a mayar da shi asibiti yau."

Ina sauka daga bene maganar Baba ta dawo mini. Ban da bayan la'asar. Na duba agogo. Na kira Faisal sau uku, wayarsa a kashe, domin direba ne a Abhur kuma ba ya ɗauka idan yana tare da maigidansa. Lambar kowa ba ni da ita a gidan sai tasa.

Kun san yadda hanya take a yammacin Alhamis, kowa ya tashi aiki yana sauri. Na makale a cunkoso aka kira sallah. Ina jin an tayar, ina jin an idar, ina lissafi a raina: yanzu Baba ya sallame, yanzu ya gama lazimi, yanzu ya gyara zama. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, da abin da kafili, wanda ya tsaya mini na shigo, zai yi idan aka ciro takarda aka ga sunana. Amma tunanin bai daɗe ba. Gemun nan fari nake ta gani. A wurin horo an taɓa nuna mana hoton fuskar wani da abin ya faru da shi, kuma duk yadda na so in kawar da hoton, sai fuskar Baba ta hau kansa. 

Da na isa, da gudu na hau benen. Tun daga matakala na ji ƙanshin, kuma ta jikin ƙofa ina jin gurnanin na'urar tana aiki. Na ƙwanƙwasa.

Muryar Hajiya ta ce, "Min? Wane ne?"

"Sanusi ne, Mama, mai na'ura."

"Faisal ba ya nan, ya waladi. Ka dawo bayan magariba."

Na ce, "Mama, don girman Allah ki buɗe. Ba zai jira magariba ba."

Ban san me ta ji a muryata ba, amma ta buɗe, tana jan mayafi a fuska. Ban jira an ce tafaddal ba, ko takalmi ban cire ba. Baba yana zaune a inda na saba ganinsa, bargo a cinya. An zare masa robar daga hanci an ajiye a kan bargon, bakinta na kallon gemunsa, tana ta huci. A bakinsa kuma lofe ne na baƙin itace, hayaƙi na tashi a hankali. A gefen katifar ga ɗan kaskon turare da jan garwashi.

Na kashe na'urar. Na miƙa hannu na zare lofen daga bakin dattijon nan, abin da ko a mafarki ban taɓa zaton zan yi wa babba ba. Na haɗa da kaskon na kai bakin matakala, na dawo na yaye bargon, na buɗe tagogi duka. 

Baba ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, "A gidana? Wa ya yi maka tarbiyya?"

Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Wannan ba sigari ba ne. Lofe ne, ghalyun. Wani kyaftin ɗin jirgi ya ba ni tun ina saurayi. Ba na haɗiye hayaƙin, a baki yake tsayawa." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe bai sake shi ba.

Na jira ya lafa, na ce, "Baba, bakin da hayaƙin yake tsayawa ma yana cinsa, yana cin maƙogwaro, wanda ya cika ɗakin kuma huhu yake komawa, naka da na Mama. Amma wannan tsakaninka da likita ne. Ni wuta ce ta kawo ni."

Hajiya tana tsaye a bakin labule. Ta ce, "Ai ina cire masa robar. Kullum sai na cire kafin in sa masa garwashi, wallahi ban taɓa mantawa ba."

Na ce, "Na'urar fa, Mama?"

Ta ce, "Faisal ya ce kada a taɓa ta, kada ta lalace. Ba wanda ya ce mini a kashe."

A nan kunya ta gaske ta kama ni. Na yi rabin awa ina koya wa Faisal ƙa'ida, mutumin da ke fita da asuba ya dawo bayan magariba. Wadda take yini da mara lafiyar, take shafa masa mai, take gyara masa robar, ban gaya mata ko kalma ɗaya ba, don tana bayan labule. Na tambaye ta baƙin tabon da ke jikin tsohuwar robar. Ta ce ran nan ne toka mai zafi ta faɗo, ta kaɗe ta da yatsa. Na yi mata bayanin abin da zai faru da tokar ta huda robar, na ga ta dafa bango.

Baba ya ce, "Ka gama? Ni na ci zamanina, ya waladi. Asibiti ba zan koma ba. Teku ta wuce ni, kasuwa ta wuce ni, ko masallaci ba na iya sauka. Wannan ɗin kaɗai ya rage mini. Idan ajalina a cikinsa yake, halas."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Baba, wa ke sunkuyowa ta sa garwashin? Mayafin wa ke sauka a kan bargon nan kullum?"

 Ya juya ya dubi Hajiya, ya dubi mayafinta, wani shara-shara ne mai ruwan toka.  Ya daɗe yana kallonta.

Can ya ce, "Ya Ummu Faisal, shekara arba'in da ɗoriya kina kunna mini, ko sau ɗaya ba ki ce kin gaji ba." Sannan ya ce da ni, ba tare da ya kalle ni ba, "Ɗauke lofen ka tafi da shi. Yalla, yi maza kafin in sake shawara."

Na jira iska ta ratsa ɗakin, Hajiya ta kawo wani bargo, na mayar masa da robar na kunna. Na nuna mata makunnin da hannunta, sau uku, har ta iya. A masallacin unguwar na yi la'asar ɗina a makare, sannan na kira Ustaz Adil.

An sa mini takardar gargaɗi a fayil, kuma na cancanta. Likita ya zo ya ba Baba abin da zai rage masa ƙishirwar tabar. Faisal ya kira ni daga baya ya ce ya san mahaifinsa bai bari ba, amma ya ji nauyin faɗa wa baƙo. Ban ga laifinsa ba, tunda cutarmu ɗaya. Hankalina dai bai kwanta ba. Duk ranar da na je sai na shinshina matatar tun a kan matakala, duk lokacin da waya ta yi ƙara bayan la'asar sai in zabura in ɗauka. Baba ya sha wuya, ya yi ta faɗa da kowa, amma bai sake ba. In na shiga sai ya ce, "Yana nan?" In ce, "Yana nan, Baba, a akwatin kayan aikina."

Wata bakwai bayan haka Allah Ya yi masa rasuwa a kan katifarsa, ciwon huhun ne ya tafi da shi. An yi masa wanka da gemunsa fari tas. Da aka tashi zaman makoki na je ɗauko na'urar. Ina naɗe waya, muryar Hajiya ta fito daga bayan labule, ta ce ko lofen yana wurina har yanzu. Na ciro shi na miƙa. Na ji ta ja numfashi a kansa, sannan ta ce, "Ba don komai ba, ya waladi. Bayan la'asar ɗin ne yake yi mini tsawo."

Abin da na koya a wannan gidan shi nake so ku riƙe. Mutanenmu ba da mugunta suke ɓoye mana abu ba, kunya ce da girmama manya, kuma mu ma da ita muke shiga gidajensu. Ku gaishe da dattijo yadda ya kamata, ku sha gahawarsa, sannan ku dubi idonsa ku yi masa tambayar farko: sigari, sigar, lofe, shisha, kowanne da sunansa. Kada ku sa hannu sai kun san wanda ke yini da mara lafiyar. Idan hannu kawai kuka gani ta bayan labule, to wannan hannun za ku koya wa makunni.