Tagogin Goggo Signe goma sha ɗaya

Duk garin Hancock, can arewacin Amurka, babu wanda ya kai Goggo Signe Halonen iya sa wa taga leda don tare sanyi. Ba don ƙanwar babana ce nake faɗa ba. Je ka tambayi duk wanda ya zauna a layinmu, in dai yana raye.

Gidanta tsohon gidan katako ne irin na masu haƙar tagulla, bene mai hawa ɗaya, taga goma sha ɗaya, kowace da inda take zurara iska. In iskar babban tafkin yankinmu ta taso a Janairu, kana zaune a falo za ka ji ta a ƙeyarka. Mijinta Toivo ya yi ta alkawarin canza tagogin nan har ya koma ga Allah bai canza ko ɗaya ba. Ita kuwa tun shekarar da aka fara sayar da ledar taga a shagon kayan gini ta ce a ƙyale mata abinta, ta san maganinsu.

Da ganye ya gama zuba sai ta sauko da kayan aiki: almakashi, reza, salatif mai manne gaba da baya, da wata tsohuwar diraya ruwan hoda wadda ba ta taɓa busar da gashin kowa ba. Takan goge katakon taga tas ta bar shi ya bushe, ta liƙa salatif, ta tafi ta sha kofi, don a cewarta shi ma salatif yana son a bar shi ya zauna. Sannan ta rataya leda daga sama, ta bi ta da zafin diraya daga kusurwa zuwa tsakiya. Kana kallo duk yamutsewar za ta miƙe, ledar ta ɗame, sai ka rantse babu komai a wurin. Ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ka ji tim kamar ganga. Daga ƙarshe ta kunna kyandir ta bi gefen tagar da shi. In harshen wutar ya ko motsa, ta ɓalle ta sake daga farko.

Kai, gidan nan da daɗin zama lokacin sanyi! Dusar ƙanƙara ta kai rabin ƙofa a waje, ciki kuwa ɗumi, ga ƙamshin burodi mai zaƙi, nisu, da take gasawa duk Asabar, ga safar maza jiƙaƙƙu jere a kan hitar ɗumama ɗaki. Tankin man hitarta yakan kai Maris, namu tun Janairu bai ƙare ba ake kiran motar mai. Har yau in na ji ƙarar diraya a shagon gyaran gashi, falon nan nake tunawa, kuma kewarsa nake ji.

Baki kuwa Allah ya ba ta. In muna dawowa daga coci, gida-gida take bi da ido tana yanke hukunci. Ledar tagar gidan Beaudoin ta ce kamar an rufe ragowar miya. Tawa da na yi shekarar da na yi aure, ta tsaya ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaye ni ko da ƙafa na sa ta. Na yi fushi na kwana uku, na huɗu na je ta koya mini.

Tana da shekara tamanin da ɗaya ta zame a matakala ta bugu a ƙugu. 'Yarta Marlys, wadda ke aiki a Minneapolis, ta dage lallai sai ta ɗauke ta kafin sanyi ya kankama. Aka yi ta ja a waya. Daga baya Goggo ta kawo sharaɗi: in ta sa wa tagoginta goma sha ɗaya leda ita kaɗai kafin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, a bar ta a gidanta, kada a sake tayar mata da maganar. In ta kasa, za ta haɗa kaya da hannunta. Marlys ta yarda, don ta tabbata tsohuwa mai ciwon ƙugu ba za ta iya hawa kujera sau goma sha ɗaya ba. Ni kam bayan Goggo nake ɗari bisa ɗari. Marlys ta dame ni da mulkin waya, mutumin da ke zuwa sau biyu a shekara shi ne ya fi kowa sanin abin da ya dace.

Kwana tara ta yi tana aikin. Na ce in riƙe mata kujera, ta ce in riƙe bakina. Ran Lahadi ta kira ni ta ce an gama.

Ana gobe biki, da rana, na je taya ta shiri. Na hau sama da zannuwan gado zan gyara tsohon ɗakin Marlys. Ina tura ƙofa sanyi ya mare ni. Ledar tagar tana kumbura tana lotsewa, tana kumbura tana lotsewa. Na matsa kusa. A bayan ledar, tagar a ɗage take kamar yatsa biyu. Ashe Goggo ta ɗaga ta don ta goge ƙasanta, ta manta ba ta sauke ta kulle ba, ta liƙe leda a kai. Wannan kuskuren baƙo ne, wanda ya zo garin bana. Goggo kuwa shekara arba'in tana aikin nan.

Ban tsaya tunani ba. Na sauka na ɗauko reza a ɓoye. In yanke, in rufe tagar, in sa sabuwa, wa zai sani? Na ɗora rezar a kusurwa kenan na ji numfashin Goggo a bakin ƙofa.

"Darlene, ajiye rezar nan."

Na ajiye. Ta shigo a hankali tana dafa bango, ta zauna bakin gado, idonta a kan tagar. Ta ce kwana uku kenan tana hawowa tana kallon ledar nan. Ta ƙara salatif sau biyu. Ta kawo kyandir ya mutu a hannunta. Ta rasa ta inda iskar take shigowa.

"Sai yanzu da na ga inda kike kallo," in ji ta.

Raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba. Na ce haba Goggo, wa bai taɓa yin wannan ba, ni sau biyu na yi. Ta ce ai ni na saba, ita ba ta saba ba. Na so in yi dariya, abin ya ƙi. Na roƙe ta ta bar ni in gyara, minti ashirin ne, Marlys ba za ta taɓa ji daga bakina ba.

"Mantuwar ba ta dame ni ba, 'yar nan. Kwana ukun ne. Yau taga ce. In gobe murhun gas ne na tsaya ina kallo fa?"

Washegari Marlys ta iso da hantsi. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta bi tagogin ƙasa tana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, tana dariya tana girgiza kai. Ta rungume uwar ta ce shi ke nan, Goggo ta ci, ita ba za ta sake magana ba. Ni na sunkuyar da kai ina yanka talotalo, ina addu'a tsohuwar nan ta yi shiru sau ɗaya a rayuwarta.

"Goma na yi," in ji Goggo. "Hau ɗakinki ki ga ta sha ɗayan."

Marlys ta hau. Ta daɗe a can. Da ta sauko idonta ja, kuma abin mamaki ita ce ta koma roƙo. Ta ce taga ɗaya ce kawai, a bari ko zuwa bazara, ni ma na sa baki. Goggo ta ce ita ta kafa sharaɗin, ba wani ya kafa mata ba, a miƙo mata dankali. Muka ci abincin nan ba wanda ya san ɗanɗanonsa.

Ran Lahadi suka tafi da akwati biyu. Goggo ta ba ni makulli, ta ce in zuƙe ruwan famfo kada ya daskare bututu ya fashe. Shekara biyu ta yi a hawa na tara na wani dogon bene a Minneapolis, Allah ya ji ƙanta, ba ta sake ganin gidan ba.

Ran Litinin na hau ɗakin da reza. Na yanke ledar, na sauke tagar na kulle, na zauna bakin gado na yi kuka na ƙoshi. Ban sa wata ledar ba, don babu wanda ya rage a gidan da zai ji sanyin.