Saƙon Inna ta Bakin Tsoho Mai Gemun Auduga

Ni ɗan fari ne, kuma Inna irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar da ita za a auna su ranar lahira. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini. In tana so in ci abinci sai ta gaya wa bango, bango ya gaya mini.

Amma akwai namijin da Inna take hira da shi har da dariya, kuma na tsumma ne. Lokacin muna yara, Baba yana tuƙin babbar mota, ya sayo talabijin mai baƙi da fari da muke kunnawa da batirin motar. Ranar Asabar da yamma ana nuna wasan 'yan tsana na yara: wani tsoho mai gemun auduga da akuyarsa da kullum sai ta cinye masa hula. Yaran unguwarmu kaf suna tsakar gidanmu, har ƙuda sai ya nemi izini kafin ya sami wurin sauka. Tsohon yakan fara da sallama, Inna kuwa tana gefe da farantin gyaɗa, sai ta amsa masa, ta yi masa ya gajiya, ta zagi akuyar. Baba ya taɓa ce mata, "Ke fa, tsohon nan safa ce a hannun wani ƙato." Ta ce, "Na sani. Amma safar da ta yi sallama ta fi mutumin da bai yi ba."

Bara Inna ta zame a bakin rijiya a ƙauyenmu, can gaba da Salka, inda ta koma bayan rasuwar Baba. Na ɗauko ta zuwa gidana a Kontagora saboda asibiti. Gwiwa ta fara sauƙi, sai kuma ta daina cin abinci. Kwano yakan shiga ɗakinta ya fito kamar ya je gaisuwa ne kawai. Matata ta dafa duk abin da ake dafawa a duniya, saura dutse. In na tsaya a ƙofa na ce, "Inna, me ke damun ki?" sai ta dubi labule ta ce, "A ce masa lafiya lau." Matata suruka ce, ita ma lafiya lau take ce mata. Jikoki kuwa sai tsokana take musu.

Na kasa zama. In na je shago sai in dawo gida, in na dawo gida sai in tuna ban rufe shago ba. Na zagaya tsakar gida har kaji suka fara bin bayana suna zaton hatsi zan watsa. Mutum ne ni mai tumbi, amma a makon nan sai da na ƙara wa bel huda.

Wata rana babbar 'yata ta kunna mata fim ɗin zane na yara a waya. Inna ta duba kaɗan ta ture. "Waɗannan ba sa sallama," in ji ta. "Ina tsohon nan mai akuya? Ko shi ma ya mutu?"

Kafin ta rufe baki na hau babur. Na bi masu tura fina-finai a waya rumfa-rumfa. Wani matashi ya ce, "Alhaji, ka faɗi sunan jarumin." Na ce jarumin safa ce. Ya dube ni kamar zai raka ni asibiti. Na je wurin wanda ke ba da hayar kaset a da, na tarar caja yake sayarwa, ya ce gara ta cinye kaset ɗin tun tuni. Daga nan na faɗa shagon wani abokina mai gyaran talabijin. Muka zauna muna tuna yadda akuyar take tauna hula, manyan mutane masu furfura muna kwaikwayon kukan akuya har mai shayi ya leƙo. A nan idona ya faɗa kan wata tsohuwar talabijin da aka kwashe wa hanji, ba gilashi, akwati kawai. Na ɗaura ta a bayan babur.

A gida muka haɗa namu tsohon: safa tawa ce, audugar gemu daga matashin kai, idanu kuma maɓallan tsohuwar rigata. 'Yata ta ɗinka tana dariya. "Baba, wannan tsoho ne ko ɓeran da ya faɗa garin rogo?" Na ce ta ɗinka ta yi shiru, ba ta san manya ba.

Bayan la'asar muka ɗora akwatin a kan tebur a ɗakin Inna, aka lulluɓe ƙafafun teburin da zanen gado. Na durƙusa a baya, na zura hannu, na shaƙe murya.

"Salamu alaikum, mutanen gida."

Gumi ya fara bin bayana. Can na ji gado ya motsa.

"Wa alaikumus salam. Malam, kwana biyu. Ka rame, amma wuyan hannunka ya yi ƙiba."

"Zamani ne, Hajiya. Ya baƙunta?"

"Baƙunta kam ta isa," in ji ta. "Tunda kai ne, zan ba ka saƙo wurin mai gidan nan. Ka ce masa ba abin da aka rage ni da shi. Amma an rufe ni da ƙofar ƙarfe, ba mai wucewa in gaishe shi. Ƙasan ɗakin nan santsi kamar bayan tarwaɗa. Dawata tana can ta nuna, ban san wa ke korar tsuntsu ba. Maƙwabciyata da muke sussuka tare, in ta dawo daga coci ran Lahadi wurina take biyowa, yanzu wa za ta tarar? Ba gwiwa za ta kashe ni ba, Malam, zaman ɗaki ne."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin magana mai tsawon haka daga bakinta zuwa inda nake ba. Na manta hannuna na sama, tsoho ya langaɓe, sai da 'yata ta zungure ni da ƙafa.

"Ai tsoro yake ji kada ki sake faɗuwa, Hajiya."

"A can na faɗi, a can aka ɗaga ni."

"To in likita ya sake duba gwiwar ya yarda, zai mayar da ke da kansa. Amma likita ba ya sallamar wanda ba ya cin abinci."

Ƙafata ta mutu, bayana ya ƙage, ban motsa ba.

"A tuƙa tuwon dawa, da miyar kuka, a sa daddawa da yawa," ta ce. "Kuma ka ce masa ya tashi daga ƙasa haka nan. Shi ma ba yaro ba ne."

Tashin ne ya gagara. Sai da matata da 'yata suka kama ni hagu da dama kamar ana ɗaga buhun masara, Inna kuwa ta juya wa bango fuska, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ta cinye malmala guda a ranar, ta nemi ƙari. Mako na zagayowa likita ya duba gwiwar, na kai ta gida ana gab da yankan dawa.